Trinity Laban ta Landan: Kiɗa, Rawa ko Wasan Dandamali, Wanne Zai Karɓe Ka?

A kudu maso gabashin Landan, a gaɓar kogin Thames, akwai wata makaranta da ba ta da wani aiki sai horar da makaɗa da mawaƙa da 'yan rawa. Sunanta Trinity Laban. Asali makarantu biyu ne aka haɗe a 2005. Ta farko ita ce Trinity College of Music, wadda aka kafa a 1872 don a gyara kiɗan coci. Ta biyu kuwa cibiyar rawa ce mai ɗauke da sunan Rudolf Laban, mutumin da ya baro Jamus ta zamanin Hitler ya sauka Ingila a 1938, wanda kuma tun 1928 ya fito da hanyar rubuta motsin jiki a takarda kamar yadda ake rubuta kiɗa. Har yanzu gidajen biyu ne. Makaɗa suna Greenwich tun 2001, a wani sashe na tsohuwar kwalejin sojan ruwa. 'Yan rawa suna Deptford, a ginin da Herzog da de Meuron suka zana, wanda ya ci kyautar Stirling ta gine-gine a 2003. Tsakaninsu tafiyar ƙafa ce.

'Yan Najeriya ba baƙi ba ne a wurin. A 1958 aka tura Fela Kuti Landan, iyayensa na fatan likita, shi kuwa ya zarce Trinity ya kama busa ƙahon tirampet. Can ya kafa ƙungiyarsa ta farko kafin ya komo gida a 1963.

Wanda ya fara tunanin zuwa irin wannan makaranta yakan tambayi kansa kwas ɗin da ya fi burge shi. Ni a ganina ya fara da wata tambayar: a cikin ƙofofin nan, wacce ce za ta buɗe mini da abin da ke hannuna yau? Dalili kuwa, a nan sakamakon WAEC ba shi ne ke shigar da mutum ba. Za a duba takardunka, za a nemi shaidar Turanci, amma hukuncin yana wurin gwaji: ka tsaya gaban malamai, ko ka aika musu bidiyo, ka kaɗa ko ka rera ko ka taka. Kuma kowane kwas da irin abin da yake nema a wannan 'yan mintoci.

Babban kwas ɗin sashen kiɗa shi ne digirin BMus, shekara huɗu. A ƙarƙashinsa hanya ta rabu uku: kiɗan gargajiyar Turai, jaz, da tsara kiɗa.

Hanyar gargajiyar Turai ita ce tsohuwar hanya, ita ce kuma mafi ƙuncin ƙofa. Ka zaɓi abin kiɗa guda, piyano ko gogen Turawa ko sarewa ko ƙaho ko ganguna, ko kuma muryarka, ka zauna da malami ɗaya, kai da shi kaɗai, kowane mako har shekara huɗu. Sauran lokacin yana tafiya ne a atisaye na sa'o'i cikin ɗaki kai kaɗai, da zama cikin babbar ƙungiyar makaɗa, da darasin kunne da tarihin kiɗa. Matakin da ake sa ran mai neman shiga ya kai shi ne kwatankwacin aji na takwas na jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, wato na ƙarshe a jerin. Yaran da za ka yi takara da su, da yawansu tun suna shekara shida ko bakwai aka miƙa musu goge. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a fannin goge da piyano wannan magana ba ta da ɗaukaka ƙara. Wanda ya fara taɓa piyano yana ɗan shekara ashirin a sitidiyo, komai kaifin kunnensa, da wuya ya kamo su.

Amma kada a ce ƙofar a rufe take ga kowa daga wajenmu. Akwai mutane iri biyu da suke da rabo a nan. Na farko 'yan mawaƙan coci da masu kaɗa musu ogan a Jos da Kaduna da Wusasa, waɗanda suka tashi suna karanta kiɗa daga takarda. Na biyu 'yan badujala na soja da na 'yan sanda, da yaran da suka tashi a hannunsu. Ƙaho da murya ba sa neman a fara su tun ana rarrafe kamar goge. Murya ma sai jiki ya gama girma take nuna inda ta dosa. Saurayin da ya yi shekaru yana busa a fareti, yana kuma karanta takarda, bai kamata ya raina kansa ba.

A nan sai a yi hattara da wani ruɗani. Akwai hukumar jarrabawa mai suna Trinity College London, wadda ke ba da takardun aji ɗaya zuwa takwas a ƙasashe da dama. Tushensu ɗaya da makarantar, amma yau kowa da harkarsa. Riƙe takardar hukumar ba ya nufin ka sami gurbi a Greenwich.

Jaz ne nake ganin ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin shi ne ya fi kusa da yadda makaɗanmu suke koyo. A jaz kunne ne gaba. Ana ba ka ƙashin bayan waƙa, kai kuma ka sa mata tsoka nan take, kana sauraron abokan kiɗanka kana ba su amsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a gidan biki, ya ga yadda yake canza taken da zarar ya hango wani ya shigo, ko ya ji yadda jagora da 'yan amshi suke miƙa wa juna magana, ya san wannan ɗabi'a. Kuma sashen jaz na wannan makaranta ba ƙarami ba ne a Landan ta yau. Nubya Garcia da Moses Boyd, fitattun makaɗan jaz na Landan, can suka yi karatu. Haka ma Femi Koleoso, mai ganga ɗan asalin Najeriya, wanda ƙungiyarsa Ezra Collective ta ci kyautar Mercury, ta faifan waƙa mafi fice na shekara a Birtaniya da Ireland, a 2023, karo na farko da 'yan jaz suka ɗauke ta. Kiɗan waɗannan matasa cike yake da gangar Afirka ta Yamma, saboda haka wanda ya zo da ita daga tushe ba zai zama bare ba.

Sai dai akwai gibi, kuma babba ne. Kiɗanmu na gargajiya ya ginu ne kan karin murya guda da ganga mai sarƙaƙiya. Jaz kuwa ya ginu kan jeranta sautuka masu tafiya tare, abin da 'yan sitidiyo ke kira kod, suna sauyawa kusan kowane taku. Wanda bai san yadda kod ɗaya ke kai mutum ga na gaba ba, zai ɓace a tsakiyar waƙa ko da hannunsa ya fi na kowa sauri. Wannan ilimi ana iya samunsa a gida cikin shekara biyu ko uku na naci, da kibod mai arha da intanet da malami na gari. Mai ganga ya fi samun sauƙi a nan fiye da mai gita ko mai ƙaho, amma shi ma ba zai tsira daga darasin ba. Wani abu kuma: gwajin yana kan kayan kiɗan da sashen yake koyarwa. Gurmi da garaya da kukuma za su iya zama abin da zai bambanta ka da kowa bayan ka shiga, amma kada ka ɗauka su ne za su shigar da kai.

Tsara kiɗa, hanya ta uku, ba ta neman ka zama gwanin hannu. Abin da ake so a gani shi ne ayyukan da ka riga ka tsara, a rubuce da kuma a naɗe, sannan a zauna da kai a ji yadda kake tunani. Ribarta babba ce: kana zaune cikin ɗaruruwan makaɗa da 'yan rawa masu neman sabon abin da za su gwada, abin da ka rubuta yau za ka iya jinsa da kunnenka mako mai zuwa. Ga mai son yi wa fim kiɗa, wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita. Finafinanmu sun daɗe suna fama da kiɗan bayan fage na aro, ko na kibod guda da ake maimaitawa daga farko har ƙarshe, alhali mai ilimin tsarawa da ya san algaita da kakaki da kotso yana da abin da babu wanda ya taɓa shi sosai. Sharaɗin dai shi ne rubutu. Idan ba ka iya sa tunaninka a takarda yadda wani zai karanta ya kaɗa ba, ba ka shirya ba tukuna.

Bayan BMus akwai wani digiri na shekara uku da aka ƙaro daga baya, BA Music Performance and Industry, don masu kiɗan zamani: mawaƙa, marubuta waƙa, furodusoshi. Ana haɗa wasa a dandamali da aikin sitidiyo da sanin kasuwar waƙa, wato kwangila da haƙƙin mallaka da tallata kai. Shi ne kwas ɗin da saurayin da ke kwana a sitidiyon Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai fi ganin kansa a ciki, kuma ƙofarsa ta fi dacewa da abin da ya riga ya iya. Duk da haka shi ne wanda nake jan kunne a kansa. Kasuwar da za a koya maka ta Birtaniya ce, dokokinta da hanyoyin kuɗinta na can ne. Idan niyyarka ka dawo ka yi waƙa da Hausa don masu jin Hausa, kaso mai yawa na abin da za ka biya kuɗi a kansa kana iya koyonsa a Legas da ɗan abin da bai kai kuɗin jirgi da biza ba. Kwas ɗin na wanda yake son kafa kansa a Landan ne.

Mu haura Deptford. Digirin rawa na zamani shekara uku ne, kuma wanda bai taɓa ganin irinsa ba zai sha mamaki. Ba rawar bidiyon waƙa ba ce, ba kuma rawar biki ba. Safiya tana farawa da darasin jiki: bale, wato rawar gargajiyar Turai ta dandamali, da salon manyan masu tsara rawa na Amurka, wanda Martha Graham ta bari da na Merce Cunningham, da wasu salo na sakin jiki da faɗuwa ƙasa da tashi. Da rana a shiga ƙirƙirar rawa, da nazarin motsi bisa tsarin Laban, da sanin ƙashi da jijiya. Kwana biyar a mako jiki yana aiki kamar na ɗan wasan ƙwallo. A wurin gwaji ana sa ku darasi ne a rukuni, malamai suna kallon yadda kake ɗaukar sabon motsi, da yadda kake ƙirƙira idan aka ce ka yi naka. Wannan ya sa ƙofar ta fi ta gogen Turawa faɗi. Maza da yawa sun shiga rawar zamani a makare suka yi suna. Matthew Bourne ya haura ashirin kafin ya shiga Laban, yau kuwa yana cikin manyan masu tsara rawa a Birtaniya. Ɗan Koroso da ya saba da juyi da lanƙwasa jiki da haɗa ƙarfi da abokin wasa ya riga ya mallaki rabin abin da ake nema.

Akwai abubuwan da takardar talla ba za ta faɗa maka ba, kuma gara a faɗe su tun a gida. Maza da mata tare suke darasi, cikin tufafi masu kama jiki don malami ya ga yadda gaɓoɓi suke tafiya. Akwai darussan da gaba ɗayansu jingina ne da jikin wani, ka ɗauke shi ya ɗauke ka, ba tare da an ware jinsi ba. Azumi zai zo ya same ka cikin wannan aiki, kuma idan ya faɗo a bazarar Ingila yini yana da tsawo ƙwarai. Kowa ya san iyakarsa da ta gidansu. Mai shakka ya rubuta wa makarantar ya yi tambaya dalla-dalla kafin ya biya ko sisi, yarinya kuma ta zauna da iyayenta a yi maganar a fili. Sannan ga gajartar zamanin aiki: mai piyano yana iya kaɗawa har tsufa, ɗan rawa kuwa gwiwa da baya sukan fara kai ƙara tun bai kai arba'in ba. Kasuwar wannan rawa a arewa kusan babu ita. Mai wannan digiri zai ci abinci ne a Turai, ko a Legas da Dakar da Wagadugu, ko ta koyarwa da tsara rawa.

Saboda haka nake son a san da wani kwas da ba a cika ambatonsa ba: kimiyyar rawa. Wannan makaranta ce ta fara ba da digiri na biyu a fannin, a 2001. Ana nazarin yadda jikin ɗan rawa yake aiki, abin da ke jawo rauni da yadda ake kauce masa, numfashi da ƙarfi da halin zuciya kafin hawa dandamali. Wanda ya karanta ilimin motsa jiki ko gashin ƙashi na asibiti a jami'o'inmu, yana kuma son rawa, a nan zai haɗa biyun, kuma iliminsa zai yi amfani ko ga 'yan ƙwallo da 'yan dambe bayan ya dawo.

Wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa, shi ma shekara uku, zai iya yaudarar mai kallon finafinan Hausa, domin daga nesa kamar abu ɗaya ne: labari, sai waƙa, sai rawa. A fim ɗinmu mawaƙi daban ne yake rerawa a sitidiyo, jarumi ya bi da baki, idan an kuskure a sake ɗauka. A can kai ne mai waƙar, kai ne mai rawar, kai ne mai maganar, a gaban jama'a, kusan kowane dare, ba a yankewa. Ana horar da kai ne don gidajen wasa na West End, unguwar manyan dandamali a tsakiyar Landan, da Turanci irin na Ingila da na Amurka, har da karin harshensu. A duk kwasa-kwasan shi ne wanda ya fi wuyar ɗaukowa a kawo gida. Sai ga wanda ya ƙudurta can zai zauna.

Abu guda da ke haɗa kowa shi ne CoLab, mako biyu a kowace shekara da ake dakatar da darussa, a cakuɗa makaɗa da 'yan rawa su ƙirƙiro abin da suka ga dama. A irin wannan fili ne gurmin da ka taho da shi a jaka zai yi magana.

Yanzu kuɗi. Ɗalibin da ya fito daga waje yana biyan sama da fam 20,000 a shekara kuɗin makaranta kawai, fiye da ninki biyu na abin da ɗan ƙasa yake biya. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kana da sama da fam 1,400 na kowane wata har wata tara don zaman Landan, ga kuɗin inshorar lafiya na kowace shekara, ga gwajin tarin fuka. A lissafa wannan sau huɗu ga mai BMus, sau uku ga sauran. Makarantar tana ba da tallafi bisa ƙwazon da aka gani a gwaji, amma kada a gina tafiya kan zaton zai ɗauke komai. Wanda kuma yake lissafin zai riƙa wasa a gidajen biki yana biyan haya, ya sake lissafi. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin sa'a 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana sana'ar kai, ta kuma hana aiki a matsayin mai nishaɗantarwa, in ban da wasan da makaranta ta shirya a cikin kwas. Tun Janairun 2024 ma an hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyali.

Wannan lissafi ne ya sa nake ganin, ga yawancin mutanenmu, digiri na biyu ya fi na farko ma'ana. Shekara ɗaya ne ko biyu, kuma kana zuwa ne ka riga ka san abin da ka je nema. Tushen kuwa a aza shi a kusa: difloma ta shekara biyu a makarantar MUSON da ke Legas, ko sashen kiɗa na Jami'ar Nsukka da ke aiki tun farkon shekarun 1960, ko sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, ko makarantar fasahar dandamali ta Jami'ar Ghana a Legon. A Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya. Ɗan rawa kuma, kafin ya yi mafarkin Deptford, ya dubi École des Sables da Germaine Acogny ta kafa a Toubab Dialaw ta Senegal a 1998, inda ake gina rawar zamani a kan rawar Afirka, ba a kan bale ba.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci za su so a kwatanta da babbar makarantar kiɗa da rawa ta birnin Faris, wadda aka kafa a 1795, take kuma unguwar La Villette tun 1990. Bambancin farko kuɗi ne: ta gwamnati ce, abin da ake biya a shekara 'yan ɗaruruwan Yuro ne. Bambanci na biyu shi ne ya cinye na farko. Shiga ta gasa ce mai zafi, gurbi kaɗan, kuma kowane fanni yana da iyakar shekarun haihuwa. 'Yan rawa suna shiga ne tun suna 'yan shekara goma sha, suna haɗawa da karatun sakandare, don haka wanda ya kai ashirin ya riga ya makara a wannan ɓangare, alhali a Landan ba a rufe masa ƙofa ba. Faris tana da sashen jaz, tana da kwas na rubuta rawa bisa tsarin Laban da wani tsarin mai suna Benesh, tana kuma da wani na shekara huɗu na injiniyan sauti, wanda ke neman lissafi da kimiyya tare da ilimin kiɗa mai zurfi. Ga ɗan Nijar akwai ƙarin wahala, tunda Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024.

Wanda ya tsai da shawara kan Landan, neman gurbi yana bi ne ta UCAS Conservatoires, shafin neman shiga makarantun kiɗa da rawa na Birtaniya, wanda ya bambanta da UCAS na sauran jami'o'i. Masu kiɗa ana rufe musu a farkon Oktoba, kusan shekara guda kafin a fara karatu. 'Yan rawa da masu wasan dandamali suna da sarari har cikin Janairu. Ba a fafe gora ranar tafiya: jarrabawar Turanci da fasfo da bidiyon gwaji duk a gama su tun damina. Bidiyon a ɗauke shi da kyamara a tsaye wuri guda, ana ganin hannu da fuska, ɗan rawa kuma ana ganin jikinsa daga kai har ƙafa. Kada a yanka, kada a gyara murya da kwamfuta, domin malaman da za su saurara da jin farko suke gane muryar da aka wanke.